Faifan lissafi: Zanen da ke haddasa zargi a tarukan 'yan kasuwa a Abijan

Duk wanda ya saba halartar taron ƙarshen shekara na ƙungiyoyin 'yan kasuwarmu a Adjamé ko Treichville, ya san lokacin da zaure ke yin tsit, wato sa'ar da ma'aji ya miƙe zai faɗi inda kuɗin jama'a ya shiga. A 'yan shekarun nan, maimakon karanto littafi, sai a raba takarda mai ɗauke da zanen da'ira kamar faifai, an yayyanka shi kashi-kashi. Matasan da ke haɗa shi da Excel suna ce masa "camembert", sunan wani cukun Faransawa mai zagaye.

Mun halarci irin wannan taro na masu safarar albasa, inda aka raba faifai mai yanka goma sha ɗaya. Sunayen yankan suna can gefe cikin ɗan akwati, kowanne da launinsa, rubutun kuma kamar ƙafar kiyashi. Da aka kai takardar wurin mai hotokofi, ja da kore da shuɗi duk suka koma toka-toka. Wani dattijo ya ɗauki babban yanka na kuɗin mota a matsayin kuɗin ɗawainiyar shugabanni, nan take magana ta yi zafi. Ma'aji bai ci ko dala ba, amma ya koma gida da zargi a kansa.

Shi wannan zane ba baƙon abu ba ne. William Playfair, mutumin Sikotilan, ya fara buga shi a 1801, inda ya nuna yadda ƙasar Daular Turkiyya ta rabu tsakanin Asiya da Turai da Afirka. Yanka uku kawai ya yi. Darasin farko ke nan: kada yanka ya wuce biyar ko shida. Ƙananan a haɗe su wuri guda a rubuta "sauran", a jera bayaninsu a ƙasan takarda.

Na biyu, a goge akwatin nan na gefe. A danna maɓallin dama na linzami a kan faifan, a zaɓi ƙara lakabi, sannan a sa sunan kowane kashi da adadin kuɗinsa da kasonsa cikin ɗari su fito kusa da shi. Idan yanka siriri ne, a ja lakabin waje, siririn layi ya haɗa su. A fara da mafi girma daga sama, a bi hannun agogo. A kuma guji faifan da aka karkatar don ado, domin yankan gaba kan yi kama da ya fi na baya girma.

Na uku shi ne harshe. Da yawa daga iyayenmu da ajami suka tashi, ba da Faransanci ba, don haka a rubuta "kuɗin mota", "kwastan", "hayar sito" da Hausa, da manyan baƙaƙe. A kuma fayyace cewa adadin na sefa ne, tunda a bakin ɗan kasuwa dala sefa 5 ce, jika kuma sefa 1,000. Wanda ya ga 200 babu bayani, yana iya karanta ta jika guda.

Kafin ranar taro, a buga kwafi ɗaya baƙi da fari, a tura wani ta WhatsApp, a nuna wa dattijon da ya fi kowa raunin gani. In ya karanta ba tare da ya tambayi kowa ba, to aiki ya yi. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, amana kuwa ita ce jarin baƙo. Allah Ya sa mu dace.