Bayani a kan inda ake rataye fitila a rumfar hatsi

 Ku sani fitilar rumfa iri biyu ce: akwai ta ganin hanya, akwai ta nuna kaya. Ta biyun ita ce maganarmu. Dubi mai sayar da zinari: ba ya haska shago duka, sai ya bar gefe da ɗan duhu, ya tara haske a kan sarƙa, idon mai saye ya tafi can da kansa. To, faifan samfur ma haka yake so.

Kada a rataye ƙwai tsaye bisa kan hatsi, kada kuma ya fuskanci idon mai saye. A sa shi sama ta gefe, hasken ya sauko a karkace. Da haka ne kowace ƙwaya take yin 'yar inuwa, sai hujin ƙwaro a jikin wake ya fito, tsakuwa da ƙaiƙayi su bayyana.

Sai launi, kuma nan ne rigima take. A jikin kwalin ƙwan LED akwai lamba da harafin K. Mai 2700 haskensa ja-ja ne kamar na fitilar ƙwai. Yana ƙara wa kaura kyau, amma a ƙarƙashinsa farafara da farin wake da suka kwana biyu sai su saje da sabon shiga. Mai 6500 fari ne fat, ba ya rufa wa kaya asiri, sai dai ya fi jawo ƙwari. A ganina mai 4000 ya fi dacewa da mu. Wanda kuwa ya zaɓi jan haske da gangan don ya ɓoye tsufan kaya, wallahi algus ne, daidai da mai sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama. Dillali, idan cinikin buhu ɗari ne, jira gari ya waye ka duba samfur a hasken rana.

Ƙwai mai wat 9 yana ba da hasken tsohon mai wat 60, ƙaramar sola ta ishe shi. A nisanta waya da batir daga buhuna, a kashe kafin a rufe rumfa. Mutanen Kano ba su manta gobarar kasuwar Sabon Gari ta 2016 ba. Wassalam.