Ƙwaƙwalwa Iri-Iri a Ɗakin Lakca Ɗaya

Bambancin ƙwaƙwalwa suna ne da aka laƙaba wa wata fahimta da ta fara shiga jami'o'in duniya tun ƙarshen shekarun 1990. Abin da take cewa shi ne, ƙwaƙwalwar ɗan Adam ba zubi ɗaya aka yi mata ba, kamar yadda tsawo da murya da launin fata ba zubi ɗaya ba ne. A ƙarƙashin wannan suna ake tara masu otizim, wanda kafafen yaɗa labarai na Hausa kan kira galahanga, da masu disleksiya, waɗanda haruffa ke yi wa gardama wajen karatu da rubutu ko da basirarsu ta kai inda ta kai, da masu ADHD, waɗanda tara hankali wuri ɗaya da zama cak ke yi wa wuya. Ana danganta kalmar da Judy Singer, wata 'yar Ostireliya mai nazarin zamantakewa, wadda ta yi amfani da ita a kundin digirinta a birnin Sidni a 1998, shekarar da ɗan jarida Harvey Blume ya buga ta a mujallar The Atlantic. Masu otizim da ke tattaunawa da juna ta intanet a wancan zamani su ma suna da hannu dumu-dumu a haihuwar wannan tunani.

Kalmar ce sabuwa, mutanen sun daɗe a cikin azuzuwa. A watan Nuwamban 1896 wani likita mai suna Pringle Morgan, da ke aiki a garin Seaford na Ingila, ya rubuta wa mujallar likitocin Birtaniya labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai suna Percy. Yaro ne mai kaifin hankali, gwani a filin wasa, ba ya bayan sa'o'insa a komai, sai karatu. An yi shekaru ana fama da shi, malamai sun yi iya ƙoƙarinsu, amma kalma mai gaɓa biyu ta gagare shi. Likitan ya ce masa ya rubuta sunansa, sai ya rubuta Precy maimakon Percy, kuma bai ga kuskuren ba sai da aka nuna masa fiye da sau ɗaya. Sunansa na yanka ke nan. Daga nan likitan ya ɗora masa lambobi a gaba, doguwar lamba, 785,852,017, yaro ya karanta ta tsaf ba gargada, ya kuma warware lissafin aljabara daidai. Malamin da ya koyar da shi shekara da shekaru ya shaida wa likitan cewa da a ce da baki kawai ake koyarwa, to, da Percy ne zai fi kowa a makarantar.

Wannan magana ta malamin Percy ita ce gundarin muhawarar da jami'o'i ke yi a yau. Da baki, yaron na ɗaya ne. A takarda, shi ne na ƙarshe. Yaro ɗaya, ƙwaƙwalwa ɗaya, ma'auni ne kawai ya sauya. Irinsa ne a wurare da yawa ake kira daƙiƙi, ko a ce ba ya ja, ko a ce iya shege ne da rashin ji, har ya bar makaranta yana ɗauke da wannan suna a kansa.

Misalin da aka fi kawowa a jami'a shi ne na Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Kolorado ta Amurka. An haife ta a 1947, ba ta yi magana ba sai da ta haura shekara uku, aka kuma ba iyayenta shawarar a kai ta gidan ajiye masu lalura. Mahaifiyarta ta ƙi. Tana budurwa ta je hutu gonar gwaggonta a Arizona, ta ga wani keji na ƙarfe da ake matse saniya a ciki in za a yi mata allura, ta lura cewa da zarar an matse saniyar sai ta lafa, firgici ya sake ta. Ita ma da ke fama da firgici sai ta shiga kejin, ta ji irin wannan sauƙi, daga baya ta ƙera wa kanta irinsa da katako. Manya da dama suka ɗauki abin a matsayin alamar taɓuwa. Malaminta na kimiyya, William Carlock, shi ya ce mata ta bincika dalilin da ya sa matsewar ke kwantar da hankali, kuma daga nan bincike ya shiga ranta. Ta yi digirin digirgir a Jami'ar Ilinoi a 1989.

Hanyar aikinta duk wani makiyayi zai gane ta. Takan shiga layin da ake kora shanu, ta duƙa daidai idon saniya, ta duba abin da ke sa ta tirjewa: sarƙa mai lilo, inuwa a ƙasa, riga da wani ya rataye a shinge, walƙiyar ruwa. Abubuwan da injiniyoyi suka yi ta wucewa ba su gani ba. Ta zana layuka masu lanƙwasa, kuma an ƙiyasta cewa kusan rabin shanun Amurka ta Arewa na bi ta wuraren da aka gina da tsarinta. Amma aljabara, wadda Percy ya warware cikin sauƙi, ita ce ta kusa tare wa Grandin hanya, har yau tana ƙorafin cewa tilasta wannan darasi na zubar da ɗalibai masu tunani da hoto. Da jarrabawa iri ɗaya aka yi wa su biyun, da an kayar da kowannensu a wurin da ɗayan ya haye.

Jami'o'i sun bi hanyoyi daban-daban. An buɗe Kwalejin Landmark a jihar Vermont a 1985 musamman domin masu disleksiya. Jami'ar Marshall a West Virginia ta fara shirin tallafa wa ɗalibai masu otizim a 2002. Doka ma ta shigo: Amurka ta yi dokar naƙasassu a 1990, Birtaniya ta yi Dokar Daidaito a 2010, wadda ta wajabta wa jami'a yin gyaran da ya dace ga ɗalibi mai lalura. Gyaran kuwa yawanci ba mai tsada ba ne. Ƙarin kashi 25 cikin ɗari na lokacin jarrabawa. Ɗaki mara hayaniya. Izinin naɗar lakca a saurara daga baya. Kwamfuta mai karanta rubutu da murya. Ba da takardun darasi kafin a shiga aji, da rubuta umarnin aiki ƙarara ba tare da kwana-kwana ba. Tambayoyin jarrabawa ba a rage musu wuya, hanyar amsawa ce ake buɗewa.

Sai batun biki. A 2018 wata ɗaliba 'yar shekara 16 a Birtaniya, Siena Castellon, mai otizim da disleksiya, ta ƙirƙiro Makon Murnar Bambancin Ƙwaƙwalwa, wanda makarantu da jami'o'i a ƙasashe da yawa ke yi a watan Maris. Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe ranar 2 ga Afrilu domin otizim tun 2008. Bikin na da amfaninsa, don ɗalibin da ya ga farfesa ta tashi ta ce ita ma haka take, ya rage jin kunya. Sai dai rataya ƙyalle a ƙofar jami'a da raba riguna ya fi sauya tsarin jarrabawa sauƙi nesa ba kusa ba, kuma ɗalibi kan gane bambancin ran Litinin ɗin da ta biyo bayan bikin. Wasu iyaye ma, waɗanda 'ya'yansu ba sa magana kuma suna buƙatar kulawa dare da rana, kalmar murna kan yi musu nauyi, kuma ƙorafinsu na da tushe.

Babbar ƙofar da ake maƙalewa ita ce takardar shaida. Yawancin jami'o'i ba sa yin gyara sai ɗalibi ya kawo takardar ƙwararre, gwajin kuwa na da tsada da dogon layi. Mata sun fi shan wahala a nan, domin sukan iya ɓoye halinsu su kwaikwayi sa'o'insu, sai a girma ba a gano ba. Shi ya sa wasu jami'o'in suka koma tsara darasi tun farko yadda kowa zai amfana, da takarda ko babu.

A Najeriya, inda sau da yawa akan fara kai irin wannan yaro wurin ruƙiya kafin a tuna da asibiti, an sa hannu kan dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya a watan Janairun 2019, aka kafa hukumarsu ta ƙasa a 2020. Jami'ar Bayero da ta Jos da ta Ibadan na horar da malaman ilimi na musamman. Hukumar JAMB ta kafa wani kwamiti a 2017, ƙarƙashin Farfesa Peter Okebukola, domin shirya wa makafi jarrabawar shiga jami'a, kuma daga baya aka faɗaɗa shi ya haɗa da masu otizim da ADHD.