Tun Ran Gini, Tun Ran Zane: Wayar Kyamarar Tsaro a Sabon Gida

Wanda ya bi ta bayan garin Katsina a 'yan shekarun nan, ta hanyar Batagarawa ko ta wajen Modoji da Kwado, zai ga bulo na ta tashi ko'ina. Katangar yanzu ta fi ta da tsayi, a samanta waya mai ƙaya, a gabanta ƙofar ƙarfe, a kusurwa kuma wata 'yar kyamara ta leƙo. Jihar da ta ga sace ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, har gwamnatinta ta kafa rundunar tsaron al'umma a Oktobar 2023, ba sai an yi wa mutanenta wa'azin tsaro ba. Ko da yake a cikin birni abin da ya fi hana mai gida barci shi ne ɓarawon babur, da mai haura katanga ya kwance injin ruwa ko batirin sola.

Sai dai a duba yadda aka sa kyamarar a yawancin gidajen. Waya ta fito ta taga, an bi bango da ita da ƙananan ƙusoshi, a kan fentin da aka zuba wa kuɗi. Rana ta gasa ta har robar ta tsage, kuma duk yaron da ke da reza ya isa ya makantar da gidan. Irin wannan gida sai da aka tare aka tuna da kyamara. Ita kyamara kuwa a cikin kayan nan duka ita ce mafi sauƙin canji, kusoshi huɗu ne a kwance a ɗaura wata. Abin da ba ya canzuwa sai da fasa bango shi ne hanyar waya, kuma lokacinta ɗan taƙaitacce ne: bayan an yi rufi, mai wayarin yana sassaƙar bulo yana binne fayif, kafin birkila ya zo da fulasta.

Kyamarorin da ke kasuwa iri biyu ne. Tsohon tsari yana amfani da waya irin ta dish don hoto, da wata daban don wuta. Sabon tsari kuwa kowace kyamara 'yar ƙaramar kwamfuta ce, kuma wayar da ake haɗa kwamfutoci da ita ake ja mata, wadda masu sana'ar ke kira Cat6. A cikinta akwai silli takwas da aka tufka bibbiyu, kuma ita kaɗai ke ɗaukar hoto ta kai wuta. Wannan dabara ta tura wuta ta wayar sadarwa, PoE a bakin 'yan kasuwa, an tsara ƙa'idarta a 2003 da ƙarfin wat 15.4, aka ɗaga shi zuwa wat 30 a 2009. Kyamarar gida ta yau da kullum ba ta cika cin wat 10 ba, sai dai irin masu juyawa. Amfanin wannan ga mai gini babba ne: ba ya buƙatar soket a saman katanga, wutar kowace kyamara daga wuri guda za ta fito. Masu cewa a sayi marar waya a huta su tuna cewa ita ma sai an kai mata wuta, kuma bulo da dekin da ƙofar ƙarfe suna cinye sigina.

Wayar tana da iyaka, mita 100. A fili mai ƙafa 50 da 100, wato kusan mita 15 da 30, wannan ba abin damuwa ba ne, amma a manyan filayen GRA ko gidan gona sai an auna, domin waya ba ta tafiya miƙe. Hawa take ta sauka ta zagaya ɗaki. Kowace kyamara kuma da wayarta guda, daga inda take har akwatin naɗar hoto, babu haɗi a hanya. A nan ne ake samun saɓani da masu wayarin na gida. Sun saba jan waya daga soket zuwa soket, in ta gaza su murɗa wata su naɗe da salatif. Wuta tana yafe wannan, hoto ba ya yafewa.

Maganar da ta fi kowace muhimmanci a ganina ita ce ta ingancin wayar kanta. Kwalin Cat6 mai mita 305 kala biyu ne a shago, ko da rubutun jikinsu ya zo ɗaya. Akwai na tagulla zalla, akwai na alminiyam da aka shafa wa tagulla a sama. Na biyun ya fi araha sosai, kuma ranar da aka haɗa zai nuna hoto tangaram, mai aiki ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Amma alminiyam kusan kashi 61 cikin 100 na abin da tagulla ke ɗauka na wuta yake iya ɗauka, ga saurin karyewa in an lanƙwasa. Alamar cutar sananniya ce: da rana kyamara lafiya lau, da magariba ta yi, fitilunta na ganin dare suka kama, buƙatar wuta ta ƙaru, sai ta ɗauke ta dawo, ta ɗauke ta dawo, daidai lokacin da aka saye ta dominsa. Zafin cikin silin a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, sa'ad da inuwa ma ta haura digiri 40, ƙara tsananta abin yake, don waya in ta yi zafi ƙara taurin kai take wa wuta. Gane wayar alminiyam ba wuya. A feɗe silli guda a kankare shi da reza. In fari ya bayyana a ƙasa, a mayar wa mai shago kayansa. Araha ba ta ado, balle wadda za a binne a bango.

Fayif ɗin kyamara nasa daban, kada ya haɗa hanya da wayar wutar gida. In suna tafiya gefe da gefe a bar kamar ƙafa guda tsakaninsu, in dole su gamu su gicciye juna. Fayif mai faɗin milimita 25 ya fi, kuma kada gwiwa ta wuce biyu kafin a sami akwatin da za a ja waya daga ciki. A zura igiya a bari a ciki, a toshe bakinsa da kyau, don lebura ba ruwansa, siminti zai cika shi. Ko a cikin silin kada a bar waya tsirara. Ɓera ya san daɗin roba. Wanda ba shi da kuɗin kyamara yanzu ma ya binne fayif ɗin, musamman wanda zai bi ƙasa zuwa ƙofar gida kafin a shimfiɗa intalok, ya ƙara ɗaya ko biyu da babu komai a ciki. Kafin fulasta, ya zagaya da wayarsa ta hannu ya ɗauki hoton kowane bango. Shekara biyar gaba, sa'ad da kafinta ya zo zai huda bango, hoton nan ne kaɗai zai tuna inda fayif ya bi.

Sai ina za a kafa kyamarar. Mutane suna son can ƙololuwa, wai don kada hannu ya kai. Abin da kyamarar ƙololuwa ke gani shi ne saman hula da bayan rawani. Tsayin mita biyu da rabi zuwa uku ya fi, a wurin da dole mai shigowa ya fuskance ta: bakin ƙofa, lungun da ke bayan gida, inda ake ajiye mota da babur, gefen tankin ruwa da ɗakin batir. Ƙa'idar ƙasashen duniya ta wannan fanni, a bugunta na 2014, ta ce ana buƙatar ɗigon hoto 250 a kowace mita kafin a iya shaida fuskar baƙo. Kyamara mai ɗigo 1920 a faɗi ke nan abin da bai kai mita 8 ba za ta iya rufewa da wannan inganci. Wadda aka buɗe wa ido ta haɗiye layi gaba ɗaya za ta nuna maka wani ya wuce da farar riga, ba za ta gaya maka ko wane ne ba. Wadda ta kalli gabas ko yamma kai tsaye, rana za ta kashe mata ido safe ko yamma. Farin bango ko bakin rufi da ya yi kusa da ita zai maido mata da hasken fitilarta da dare, hoto ya yi fari fat. Haka ƙurar hunturu ke yi in ta kwanta a gilashi, haka yanar gizo-gizo. Don haka a sa ta inda tsani zai kai a goge, a kuma ɓoye mahaɗar wayar a akwati mai murfi, domin zanzaro ba ya ganin rami ya wuce, ruwan farkon damina kuma da iska yake zuwa, ta gefe yake duka.

Akwai kuma inda bai kamata ta kalla ba, kuma takardar da ta zo cikin kwali ba za ta faɗi wannan ba. Ginin Bahaushe tun asali a kan tsare ido aka tsara shi. Baƙo ya tsaya a zaure, ƙofofi ba sa kallon juna, tsakar gida ta mata ce. Wanda ya gina bene a unguwar da gidaje ke manne, ya kafa kyamara a sama, ya buɗe tsakar gidan maƙwabcinsa ke nan, inda iyali ke wanki da girki da shan iska ba lulluɓi. Suratun Nur ta ɗora neman izini kafin shiga gidan wani, Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane. Sashe na 37 na tsarin mulkin 1999 ya kare sirrin mutum da gidansa, kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023, duk da ta ɗage wa mutum abin da ya yi don amfanin gidansa, ta sa sharaɗin kada ya taɓa sirrin wani. Yawancin kyamarori ana iya baƙanta wani yanki na hotonsu, amma maƙwabci ba hoton yake gani ba, bakin kyamara yake gani ya nufo gidansa. Gara a saukar da ita ƙasa da katanga, a kuma kira shi ya ga abin da take ɗauka. A cikin gida ma ina ganin a tsaya a farfajiya da ƙofofin waje. Matar gida tana da ta cewa a wannan shawara, tun kafin a binne fayif.

Duk wayoyin nan wuri guda za su haɗu, inda akwatin naɗa zai zauna, wanda ake kira NVR. Al'adar ajiye shi a falo ƙarƙashin talabijin kyauta ce ga ɓarawo. Ya ɗauke shi ya tafi da shaidar duka. A ware masa ɗan wuri mai kulle da iska ke ratsawa, a ja waya guda zuwa talabijin in ana son kallo. Wutar akwatin kuma kada a dogara da KEDCO kaɗai. Ba a manta da ƙarshen Oktoban 2024 ba, lokacin da yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda a duhu saboda lalacewar manyan layuka. Kyamara takwas da akwatinsu za su ci kusan wat 100. Batir mai volt 12 da amfiya 200, in ba a so a kashe shi, rabinsa ake sha, kuma rabin nan awa 12 ne kawai. Saura sai sola ta cika. Wayar da ta bi saman katanga kuma tana janyo tsawa cikin gida, ko da ba a kanta ta faɗi ba, don haka a sa na'urar kare tsawa, a kafa ƙarfen atin da zurfi, tunda ƙasarmu yashi ce mai bushewa da rani.

Ma'ajiyar hoto lissafi ne kawai. Kyamarar da ke tura megabit 4 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 43 a yini. Takwas za su cika ma'ajiya mai terabait 4 cikin kwana 11 ko 12, sannan sabo ya hau kan tsoho. Wanda ke tafiya Umara ko ya daɗe a Abuja ya yi wannan lissafi tun yanzu. Kallo ta wayar hannu daɗi ne, amma naɗin ya zauna a gida. A Satumbar 2021 an rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan har tsawon watanni, kuma ko ba haka ba data na ƙarewa.

Ranar da mai aiki ya gama, mai gida ya zauna tare da shi ya canza lambar sirri da hannunsa, ya cire asusun mai aikin daga manhajar, in ba haka ba wani saurayi a shago yana iya kallon ƙofar gidansa duk sa'ad da ya ga dama. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da makamantansu a duniya ta hanyar gwada lambobin sirrin da suka zo da su daga kamfani, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka irin Twitter da Netflix a Amurka. A kuma duba agogon akwatin, don wasu da lokacin ƙasar Sin suke zuwa, awa bakwai gaba da namu. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda kotu ta karɓi abin da na'ura ta naɗa, amma sai an nuna na'urar tana aiki daidai a lokacin, kuma hoton da ya ce an haura katanga da ƙarfe tara na safe, alhali ƙarfe biyun dare aka yi, lauyan wanda ake zargi zai fara kamawa.