Ziyarar NDA da Lakwaja daga Anka, Gummi da Bukkuyum: abin da ya kamata ku sani

Idan makarantarku ko ƙungiyarku na shirin fita yawon ƙaro ilimi, kuna iya haɗa Kaduna da Lakwaja a tafiya guda. Amma yawancin aikin a gida ake gama shi, tun kafin a tayar da mota.

Mece ce NDA?

Makarantar horar da hafsoshin soja ce, wato masu ba da umarni a rundunar ƙasa da ta ruwa da ta sama. Kada ku haɗa ta da Dafo na Zariya, inda ake horar da kurata. An buɗe ta a Kaduna a 1964, kuma tun 1985 take ba da digiri. Ɗalibinta ana ce masa kadet. Mazauninta na dindindin yana Afaka, kusa da filin jirgin sama, tsohon kuma yana Barikin Ribadu cikin gari.

Za a bar mu mu shiga?

Bariki ne, ba a faɗa masa haka kawai. Ku rubuta wa kwamandan makarantar takarda mai hatimin makarantarku ko ƙungiyarku, da sunayen matafiya da dalilin zuwa. Kada ku biya kuɗin mota sai amsa ta iso. Kowane babba ya riƙe katin shaidarsa, kuma kada kowa ya ɗaga waya ya ɗauki hoto sai an ba shi izini. Idan kun ga tsanani a ƙofa, ku tuna 'yan bindiga sun taɓa kai hari Afaka a Agustan 2021.

Me ya kawo Lakwaja cikin zancen?

A nan kogunan Kwara da Binuwai suka haɗu, shi ya sa garin ya zama tashar jiragen ruwan fataken Turawa. A nan kuma, ranar 1 ga Janairun 1900, Bature Lugga ya ɗaga tutar Ingila ya shelanta mulkinsu a Arewa. Sojojin da suka ci Kano da Sakkwato a 1903, Lakwaja na cikin sansanoninsu na farko. Sarkin Kano Alu, wanda suka tuɓe, a can ya rasu a 1926, kuma kabarinsa da na wasu sarakunan da aka kai gudun dole suna cikin garin. A ganina, wannan kaɗai ya isa dalilin zuwa. Ku hau Dutsen Patti da safe: daga sama za ku hango kogunan biyu suna shiga juna, da kwale-kwalen masunta kamar ƙwayar gero a kan ruwa.

Wace hanya, kuma yaushe?

Mutanen Gummi su bi ta Daki Takwas, mutanen Bukkuyum su fito Nasarawar Burkullu, a haɗu a Anka. Sai Gusau, Tsafe, Funtuwa, Zariya, Kaduna. Daga nan Abuja, Abaji, Koton Ƙarfe, Lakwaja. Halin da hanyoyinmu ke ciki ba sai an faɗa muku ba: tafiyar rana kawai, kuma ku tambayi direbobin tasha da jami'an tsaro a safiyar tashi. Ku kauce wa Satumba da Oktoba, domin ambaliya ta yanke hanyar Lakwaja a 2012 da 2022.

Nawa za a kashe?

Shatar mota ce ke cin kaso mafi tsoka, musamman tun da aka janye tallafin mai a 2023. Sai masauki, maza daban mata daban, da abinci. Ku ƙulla ciniki da direba a rubuce, har da wanda zai sayi mai da wanda zai biya gyara idan mota ta lalace. Idan za a shiga kwale-kwale, ku sa kuɗin hayar rigar kariya cikin lissafi, kowane mutum da tasa. Yara kuma kowanne sai da takardar amincewar iyayensa.