Yaushe Gyaran Fihirisa Ke Bayyana a Sabar Bincike?

A ce malami ya tarar an rubuta Jambako a cikin kundin sunayen garuruwan Zamfara da ke kwamfuta, ya mai da shi Janbako, ya ajiye. Nan take ya nemi sabon sunan, bai fito ba. Sai ya zaci aikinsa ya ɓace, ya sake shigarwa, gari ɗaya ya zama biyu a kundi. Wannan kuskure ya samo asali ne daga rashin sanin cewa ajiye gyara daban, bayyanarsa daban.

Manoman Janbako da Bakura sun san misalin wannan. Madatsar Bakolori, wadda aka kammala a 1978, tana iya cika maƙil, amma ruwa ba ya isa gona sai an buɗe ƙofa.

Sabar bincike da yawa an gina su ne bisa Lucene, wadda Doug Cutting ya rubuta a 1999. Daga cikinsu akwai Solr ta 2004 da Elasticsearch ta 2010. Lucene tana ajiye fihirisa kashi kashi, kuma kashin da aka rufe ba a sake taɓa rubutunsa. In an yi gyara, sai a sa wa tsohon bayani alamar sharewa, sabon kuwa ya jira a ƙwaƙwalwar na'ura. Mai nema ba ya ganin kome sai hoton fihirisa kamar yadda ta ke lokacin da aka buɗe ta. Sai an sake buɗewa sa'an nan gyara ya bayyana.

Elasticsearch, bisa tsarinta na asali, takan sake buɗewa ko wace daƙiƙa ɗaya muddin ana nema a fihirisar. Solr kuwa tun fitowarta ta 4.0 a 2012 ta rarrabe tabbatarwa iri biyu: mai ƙarfi, wadda ke dasa bayani a faifai don kada ɗaukewar wuta ta cinye shi, da mai sauƙi, wadda ke bayyana shi kawai. Ana ma iya yin mai ƙarfi ba tare da an bayyana kome ba.

Me ya hana a buɗe bayan ko wane gyara? Domin yawan buɗewa yana haifar da ƙananan kashi barkatai, waɗanda tilas a riƙa haɗa su, nema kuma ya yi nauyi.

Saboda haka wajibi ne mai tsara kundi ya tambayi mai kula da sabar tsawon wannan tazara, ya kuma koya wa ɗalibansa su jira ta wuce kafin su sake shigar da kome.