Ciwon sukari: ƴar na'urar da ke gadin jini dare da rana

Mai ciwon sukari da ke allurar insulin yakan huda yatsa sau da yawa a rana don ya san halin da jininsa ke ciki. Yanzu akwai wata ƴar na'ura mai faɗin kwandala da ake mannawa a bayan dantse, ta rage masa wannan wahala.

A ƙarƙashinta akwai siririn zare mai tsawon kusan milimita 5 da ke shiga cikin fata. An shafe shi da wani sinadari wanda ke haifar da ƴar wutar lantarki idan ya haɗu da sukari. Gwargwadon yawan sukarin, gwargwadon ƙarfin wutar. Na'urar sai ta mayar da wannan wuta lamba, ta aika wa wayar salula.

Tunanin ya samo asali ne daga Amurka, inda Leland Clark da Champ Lyons suka bayyana shi a 1962. A 1999 hukumar kula da magunguna ta ƙasar ta amince da na'urar farko irin wannan. FreeStyle Libre ta kamfanin Abbott ta shiga kasuwar Turai a 2014, kuma tun 2017 inshorar lafiya ta Faransa ke biya wa masu allurar insulin sau da yawa a rana kuɗinta.

Ga ƴan uwa mazauna waje da ke son aiko wa iyaye da ita, akwai abin lura. Ba jinin kansa take aunawa ba, ruwan da ke ƙarƙashin fata ne, wanda ke biye wa jini da jinkirin ƴan mintuna. Idan mutum na gumi da karkarwa alhali lambar ta nuna lafiya lau, a koma ga huda yatsa.

Kwana 14 take yi a jiki, sai a sake sabuwa. Guda ɗaya kan kai kusan sefa dubu 40 a Turai, wato dubu 80 kowane wata. Ba ta kuma son zafi: a ajiye sabuwa cikin ɗakin kwano a Damagaram ko Tawa a watan Afrilu na iya lalata ta.

Kafin a aiko, a tuntuɓi likitan da ke duba maras lafiyar, domin shi zai daidaita allura da abin da lambar ta nuna.