Zafin bazara: ruwa, inuwa da barcin ɗalibi



Daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu, kafin ruwan farko ya sauka, zafin rana a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa yakan wuce digiri 40. Mun saba, har mukan ce ai ba yau aka fara ba. To amma sabo ba ya hana zafi yin ɓarna. A watan Afrilu na 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na maƙwabciyarmu Mali, kuma a waɗannan kwanaki an rasa rayuka da dama a Bamako, galibinsu tsofaffi.

Jikin mutum da zufa yake sanyaya kansa. Zufar ta fito, iska ta busar da ita, zafi ya tafi tare da ita, kamar dai yadda randa ke tsatsafo ruwan cikinta ya yi sanyi. Sai dai kowace zufa tana fita da ruwa da gishirin jiki. Shi ya sa kada a jira sai ƙishirwa ta kama. A duba fitsari: idan ya yi kaɗan kuma ya yi ja, ruwa ya yi ƙaranci. Wanda ya galabaita, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 ta ruwa mai tsabta, ya riƙa kurɓa. Jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa nono ya ishe shi; uwar ce za ta ƙara shan ruwa, ta yawaita ba shi mama. Mai ciwon ƙoda ko na zuciya da aka ƙayyade masa ruwa, ya koma ya tambayi likitansa.

Tsakanin ƙarfe 11 na safe da 4 na yamma rana ta fi duka, kuma a cikin wannan lokaci Azahar take. Ya tabbata cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a jinkirta Azahar idan zafi ya tsananta har gari ya ɗan yi sanyi. Wannan magana ce ta liman da kwamiti. Namu shi ne mu taho da malafa ko lema, mu bi inuwa, mu sa tufafi masu faɗi na auduga. Malamai kuma, don Allah, a rage aiken yara kasuwa ko rijiya da tsakar rana, balle ba takalmi.

Fatarmu baƙa tana da kariya daga rana fiye da farar fata, amma ba ta fi ƙarfin rana ba. Abin da ya fi damun mu shi ne mayukan bilicin. Da yawansu suna ɗauke da sinadaran da ke rage baƙin da ke kare fata, wasu kuma suna sa ta yi siriri. Mai shafa su ta fita cikin ranar Afrilu, sai ƙuna da baƙin tabo a kumatu, kuɗi sun tafi, fuska ta lalace. Wanka da sabulu marar ƙarfi da ɗan man kaɗe da dare sun wadatar. Yaron da ƙurajen zafi suka feso masa, a yi masa wanka, a bar fatar ta sha iska, kada a lafta mata mai. Zabiya kuwa dole a kula da shi sosai: riga mai dogon hannu, malafa, da man kariya daga rana, domin rana na iya jawo masa sankarar fata.

Sai barci, wanda mutane ba su cika lissafawa da shi ba. Ɗakin kwano da siminti yakan sha zafi yini guda, da dare ya riƙa amayar da shi. Idan jiki bai samu sanyi da dare ba, gajiyar jiya ce za ta haɗu da ta yau. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana bukatar barcin awa 9 zuwa 12. Ɗalibin da ya kwana yana juyi, ya tashi da Asuba, in ya yi gyangyaɗi a kan allo, ba lalaci ba ne, bulala ba za ta gyara ba. A watsa ruwa kafin a kwanta, a kwana a tsakar gida cikin gidan sauro, a yi ƙailula ko ta rabin awa ce. Samari masu shayi, a sauke buta tun kafin Isha'i.

In aka ga mutum jikinsa ya yi zafi rau, yana sambatu, yana tangaɗi ko ya suma, wannan ya wuce gajiya. A kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a yi ta zuba masa ruwa ana fifita. Kada a ɗura masa ruwa a baki in ba ya cikin hayyacinsa, kuma farasitamol ba ya sauke irin wannan zafi. A nemi mota a kai shi asibiti nan take, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya.